Littafi Ɗaya, Karatu Biyu: Me Ya Raba Kiristoci Masu Riƙon Tushe da Masu Sassaucin Ra'ayi?

A ranar 3 ga Oktoban 2025 aka sanar a Ingila cewa Sarah Mullally ce za ta zama Babbar Bishop ta Kantabari, kujerar da aka daɗe ana yi wa kallon ta jagoran ɗarikar Angilika a duniya. Ita ce mace ta farko da aka taɓa ba wa wannan muƙami. Ba a yi kwana nawa ba Cocin Angilika na Najeriya, ta bakin shugabansa Henry Ndukuba, ya fito ya ce bai lamunta ba. Dalilai biyu ya kawo: yawancin mabiya ɗarikar ba su yarda mace ta shugabanci bishop-bishop ba, sannan ita Mullally tana cikin masu goyon bayan a sa wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya albarka a coci.

Wanda ya ji labarin a rediyo a Birnin Kebbi ko Yawuri, Musulmi ne ko Kirista, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: ashe ba littafi ɗaya suke karantawa ba? Littafin ɗaya ne. Ayoyin da masu adawa ke kafa hujja da su suna nan daram a cikin kwafin da ke hannun Mullally. Saɓanin ya girmi maganar mata da ta auren jinsi nesa ba kusa ba, kuma a kan abu uku yake: wane irin littafi ne Littafi Mai Tsarki, ta wace hanya ake gane nufinsa, kuma wa ke da ikon cewa wannan umarni na har abada ne, wancan kuwa na zamaninsa ne.

Su wa ake nufi?

Kafafen yaɗa labarai kan kira ɓangare na farko masu tsattsauran ra'ayi. A ƙasarmu wannan suna yana sa a tuna da bindiga, alhali mutanen da ake magana a kansu ba da makami aka san su ba. Don haka a nan za a kira su masu riƙon tushe. Su ne waɗanda suka gaskata cewa Littafi Mai Tsarki, kamar yadda aka fara rubuta shi, ba shi da kuskure ko ɗaya: ba a koyarwar ceto kaɗai ba, har da abin da ya faɗa game da tarihi da halittar duniya. Ƙa'idarsu ita ce a ɗauki aya a kan ma'anarta ta fili, sai in nassin da kansa ya nuna waƙa ce ko misali.

Masu sassaucin ra'ayi kuwa suna cewa littafin shaida ce ta mutanen da suka sadu da Allah, suka rubuta abin da suka gane da harshen zamaninsu da iyakar iliminsu. A ganinsu yana ɗauke da maganar Allah, amma yana kuma ɗauke da al'adun Ibraniyawa da Helenawa na dubban shekaru da suka wuce, kuma aikin mai karatu ne ya rarrabe, da taimakon tarihi da kimiyya da hankali.

Akwai abin da ya kamata mai karatu Musulmi ya sani kafin a ci gaba. Ko mai riƙon tushe bai ce an saukar da Littafi Mai Tsarki a dunƙule daga sama ba. Tarin littattafai ne, 66 a wurin 'yan Furotesta, 73 a wurin Katolika, da mutane daban-daban suka rubuta da Ibrananci da Aramiyanci da Helenanci cikin ɗaruruwan shekaru. Duka ɓangarorin sun san haka. Ayar 2 Timoti 3:16 ta ce kowane nassi hurarre ne daga Allah, kuma a kan wannan hurarwa ake ja-in-ja: shin ta kare marubutan daga kowane irin kuskure, ko ta ba su saƙo ne ta bar su da ɗan'adamtakarsu?

Kuma yawancin Kiristocin duniya ba a ƙarshen wannan gefe ko wancan suke ba. Masu bishara irin su cocin ECWA da na Baftis sun riƙe cewa littafin ba ya kuskure, amma malamansu da yawa suna amfani da binciken tarihi. Katolika na cewa nassi da al'adar ikilisiya da koyarwar shugabanninta tare suke tafiya. Paparoma Pius na 12 ya buɗe wa malamansu ƙofar binciken zamani a 1943, babban taron Batikan na biyu ya ƙarfafa hakan a 1965.

Daga jami'o'in Jamus zuwa kotun Amurka

Rigimar ta fara tsiro ne a jami'o'in Jamus. Friedrich Schleiermacher, wanda ya rasu a 1834, ya koyar da cewa zuciyar addini ita ce jin cikakken dogaro ga Allah, koyarwar da aka rubuta kuwa bayani ne a kan wannan ji. Bayansa masana suka shiga bincikar Littafi Mai Tsarki yadda ake bincikar kowane tsohon rubutu: wa ya rubuta, yaushe, don wa? A 1878 Julius Wellhausen ya fito da nazarin da ya ce littattafai biyar na Attaura an harhaɗa su ne daga rubuce-rubuce huɗu na zamani daban-daban, ba Musa ne ya rubuta su a zama ɗaya ba. Kafin nan, a 1859, Charles Darwin ya riga ya jefa nasa dutsen da ra'ayin cewa halittu sun riƙa sauyawa ne a hankali cikin dogon zamani.

Afirka ma tana da hannu a farkon labarin, ko da yake ba a cika faɗa ba. John Colenso, bishop ɗin Angilika a Natal ta Afirka ta Kudu, yana fassara labarin ruwan tufana zuwa harshen Zulu sai mai taimaka masa, William Ngidi, ya tambaye shi ko da gaske ya yarda dukan dabbobin duniya sun shiga jirgi ɗaya, har da abincinsu. Colenso ya kasa cewa e. A 1862 ya wallafa binciken da ya girgiza cocin Ingila, har aka tuhume shi da karkacewa daga koyarwa.

Martanin da ya fi ƙarfi daga Amurka ya fito. A 1910 babban taron cocin Firesbiteriya ya zayyana abubuwa biyar da ya ce ba a sasantawa a kansu: rashin kuskuren nassi, haihuwar Yesu daga budurwa, mutuwarsa a madadin masu zunubi, tashinsa daga matattu da jikinsa, da gaskiyar mu'ujizansa. Tsakanin 1910 da 1915 wasu 'yan'uwa biyu masu arzikin man fetur, Lyman da Milton Stewart, suka ɗauki nauyin buga maƙaloli 90 a juzu'i 12 don kare waɗannan tushe, aka raba kwafi wajen miliyan 3 kyauta. Daga nan sunan masu riƙon tushe ya samo asali. A 1922 Harry Emerson Fosdick ya yi wani shahararren wa'azi a Niyok yana roƙon coci ya bar wuri ga masu sabon fahimta. Shekara guda bayan haka J. Gresham Machen ya mayar da martani cewa abin da su Fosdick ke koyarwa ba wani reshe ne na Kiristanci ba, wani addini ne dabam. A 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a jihar Tenesi saboda koyar da ra'ayin Darwin, aka ci shi tarar dala 100. Masu riƙon tushe sun ci shari'ar, amma jaridu sun mayar da su abin dariya, sai suka janye suka kafa makarantunsu da gidajen rediyonsu.

Aya ɗaya a hannu biyu

Ba a gane bambancin sosai sai an buɗe littafin. A Farawa, littafin farko a cikin Littafi Mai Tsarki, sura 1 an halicci tsire-tsire, sai dabbobi, sai mutum namiji da mace a ƙarshe, kuma sunan da aka yi amfani da shi shi ne Allah. Daga sura 2 aya 4 sunan ya koma Ubangiji Allah, aka siffata mutum daga turɓaya, aka kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna, sannan aka yi mace. Mai sassauci zai ce labarai biyu ne daga marubuta biyu, kuma manufarsu su sanar da wanda ya yi duniya da dalilin yin ta, ba su koyar da kimiyya ba. Mai riƙon tushe zai ce labari ɗaya ne: sura 1 ta ba da jimla, sura 2 ta matso kusa ta yi bayanin rana ta shida. Wasunsu kan ƙirga zuriyoyin da aka lissafa su ce duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, kamar yadda Babban Bishop James Ussher na Ailan ya lissafa a 1650 ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Amma ko a cikinsu ba a haɗu a kan haka ba. William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa ɓangarensu a shari'ar Scopes, ya amsa a gaban kotu cewa kwanakin halitta suna iya zama dogayen zamanai. Tun kafin dukansu, Augustine, malamin Arewacin Afirka da ya rasu a shekara ta 430, bai ɗauki kwanakin a matsayin irin namu ba.

Misalin da ya fi tona asirin rigimar shi ne littafin Ishaya. Annabin ya rayu a ƙarni na 8 kafin Almasihu. Amma a ƙarshen sura 44 da farkon 45 an ambaci Sairus, sarkin Farisa, da sunansa, shi kuwa sai a shekara ta 539 kafin Almasihu ya ci Babila. Masu sassauci suka ce daga sura 40 wani annabi ne na zamanin bauta a Babila ke magana, shi ya sa salon ya sauya, kuma yake ta'azantar da mutanen da an riga an kwashe su. Masu riƙon tushe suka ce ai wannan shi ne annabci: Allah ya faɗi sunan mutum tun ba a haife shi ba. Nan gizo ke saƙar. Su biyun suna kallon kalmomi iri ɗaya, amma kowa ya shigo da abin da ya riga ya yarda da shi game da yadda Allah ke aiki a duniya. Masu riƙon tushe na da gaskiya in suka ce wasu masu bincike sun yanke hukuncin cewa mu'ujiza ba ta yiwuwa tun kafin su buɗe shafin farko. Masu sassauci su ma suna da gaskiya in suka ce wanda ya rantse babu kuskure ba zai taɓa ganin kuskure ba, ko da yana gabansa.

A kan tashin Yesu daga matattu ne ramin ya fi zurfi. Rudolf Bultmann na Jamus ya ce a 1941 mutumin da ke amfani da lantarki da rediyo ba zai iya zama cikin duniyar ruhohi da al'ajibai ta Sabon Alkawari ba, don haka a ciro saƙon a bar tsohuwar rigar. Masu riƙon tushe na amsawa da 1 Korantiyawa 15:14, inda manzo Bulus, marubucin wasiƙar, ya ce in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu da bangaskiyarsu banza ne. Sai dai ba adalci ba ne a jingina wa duk mai sassauci ra'ayin Bultmann. Da yawa daga cikin masu goyon bayan naɗa mata sun gaskata da tashin Yesu da jikinsa, suna kuma furta hakan kowace Lahadi.

Haka batun ceto. Yohanna 14:6 ta ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurin Yesu. Mai riƙon tushe ya ɗauke ta a kan cewa sai wanda ya ba da gaskiya gare shi a sarari. Masu sassauci da dama na cewa jinƙan Allah na iya kai wa ga wanda bai taɓa amsa sunan Kirista ba.

Kowa na jan layi

Idan aka bi a hankali, babu ɓangaren da ke aiki da kowace aya a zahirinta. Littafin Firistoci ya hana naman alade da tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Masu riƙon tushe sun ce waɗannan dokokin tsohon alkawari ne da Almasihu ya cika. Bulus ya umarci bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, kuma da irin waɗannan ayoyi aka kare bauta a Amurka. Ɗarikar Baftis ta Kudu ta ɓalle a 1845 a kan wannan batu, ta kuma nemi gafara a 1995. Masu sassauci na riƙe da wannan tarihi gam: in coci ya yi kuskuren karatu a kan bayi, me zai hana ya yi a kan mata? Suna kafa hujja da Galatiyawa 3:28, wadda ta ce babu bawa ko ɗa, babu namiji ko mace, duka ɗaya ne cikin Almasihu, da kuma Fibi, mai hidimar ikilisiya da Bulus ya yaba a Romawa 16.

Amsar masu riƙon tushe ba ta da rauni. Suna cewa a 1 Timoti 2 Bulus bai jingina hana mace koyar da maza ga al'adar gari ba, ya jingina shi ga tsarin halittar Adamu da Hawwa'u, haka ma aure tsakanin namiji da mace da Yesu ya tabbatar a Matiyu 19. Kuma suna tambaya: in hankalin zamani ne zai riƙa tace nassi, wa zai tace hankalin zamani? Suna nuni da yadda manyan coci-cocin Amurka masu sassauci ke ta raguwa tun shekarun 1960. Masu sassauci kan mayar da cewa Baftis ta Kudu ma, duk da riƙonta, ta sauko daga mabiya sama da miliyan 16 a 2006 zuwa ƙasa da miliyan 13. Yawan jama'a dai bai raba gardamar ba.

Yadda ta iso mana

Kiristancin da ya kafu a Arewa yawancinsa daga masu bishara ya zo. Ƙungiyar SIM, wadda 'yan mishan uku na farkonta suka iso Legas a 1893, ita ta haifi ECWA a 1954. A ƙasar Zuru da Yawuri akwai ECWA da UMCA da Katolika da Angilika da Baftis, ga coci-cocin Fentikos da suka yawaita daga baya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma da shi aka yi rainon tsararraki a yankunan da Hausa ce harshen sujada ko da ba ita ce ta gida ba.

Ɗan Arewa ne ma ya fi kowa ja da sassaucin tauhidi a Afirka: Byang Kato, ɗan ECWA daga Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya rasu a Kenya a 1975. Ya soki malamai irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya, yana ganin sun ɗaukaka addinan gargajiya har sun kusa mayar da su hanyar ceto. Wato a nan gida rigimar ba a kan Darwin ta fi zafi ba, a kan al'ada ce. Tambayar ko Kirista ɗan Zuru zai halarci bikin Uhola, da wane sashe na bikin zai tsaya, jikar waccan muhawara ce.

A matakin duniya kuwa, Najeriya ta zama jagorar ɓangaren riƙau. Taron Lambeth na 1998, wato babban taron bishop-bishop ɗin Angilika na duniya, ya zartar, da ƙuri'a 526 a kan 70, cewa saduwar 'yan jinsi ɗaya ta saɓa wa nassi. A 2003 cocin Angilika na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji. A 2008 Peter Akinola, shugaban Angilika na Najeriya a lokacin, yana kan gaba wajen kafa GAFCON, ƙungiyar 'yan Angilika masu riƙon tsohuwar koyarwa, a Urushalima. Da fadar Paparoma ta ba da damar sa wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya albarka a Disambar 2023, bishop-bishop ɗin Katolika na Najeriya suka ce ba za a yi a nan ba.

Abin da ya shafi mai zaman benci

Auren jinsi ne ke cika kanun labarai, amma dokar Najeriya ta 2014 ta riga ta haramta shi da ɗaurin shekara 14, kuma ba shi ne ke hana dattawan ikilisiya barci a Kebbi ba. Abin da ke zuwa gabansu shi ne magidanci mai mata biyu da ya karɓi bishara yana neman baftisma. A ce ya saki ɗaya? Ina za ta da 'ya'yanta? Taron Lambeth na 1888 ya hana yi wa irinsa baftisma. A 1988, da matsin bishop-bishop na Afirka, aka yarda a yi masa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, ba kuwa za a tilasta masa sakin kowa ba. Abin lura, hujjar da aka bi ita ce duba yanayi da jinƙai, irin wadda masu sassauci ke kawowa a wasu batutuwan. Har yau ɗariku ba su daidaita a kan wannan ba, kuma a wurare da dama irin wannan mutum ba ya riƙe muƙami ko cin jibin Ubangiji.

Ga batun mata. A majami'a ranar Lahadi, zumuntar mata cikin anko da ɗankwali su ne suka fi yawa, su ke waƙa, su ke ziyarar marasa lafiya. Suna rufe kai bisa 1 Korantiyawa 11, ayar da yawancin masu riƙon tushe na Amurka suka daɗe da ajiyewa a matsayin al'adar Koranti. Amma a ECWA da Angilika ta Najeriya da Katolika mace ba ta zama rabaran ko fada, alhali a coci-cocin Fentikos da dama, waɗanda su ma ke cewa kowace kalma ta Allah ce, mata na kan bagade suna wa'azi.

Ga zakka: manomin da ya ɗaure dami goma na dawa, shin dami ɗaya wajibi ne bisa Malakai 3:10, ko doka ce ta haikalin Yahudawa da Sabon Alkawari ya maye da bayarwa da yardar rai? Ga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka addaba, inda ayar juya ɗaya kumatun a Matiyu 5:39 ke fuskantar ta Luka 22:36 mai cewa wanda ba shi da takobi ya saya. Fasto mafi riƙo ma dole ya zaɓi wadda ke fassara ɗayar.

Sai ɗalibai. Yaron da ya tashi a makarantar Lahadi ya tafi jami'a a Aliero ko Birnin Kebbi, ya dawo hutu ya ce, "Baba Fasto, malaminmu ya ce duniya ta haura shekara biliyan 4, ina kwana shidan?" Wani fasto zai ce, "Ɗana, ka rubuta musu abin da suke so a jarrabawa, ka riƙe Maganar Allah a zuciyarka." Wani zai zaunar da shi ya nuna masa cewa tun zamanin Augustine ake tattauna kwanakin nan. Amsar farko tana kare iyaka, amma tana iya barin yaro da tunanin dole ya zaɓi ɗaya tsakanin ilimi da bangaskiya. Ta biyu tana rage wannan tsoro, amma tana buɗe tambayar da masu riƙon tushe ke gudu: in wannan misali ne, sai ina za a tsaya?

Illar da ta fi tsanani tana zuwa ne idan saɓanin ya kai ga rabuwar ɗarika. A Mayun 2024 babban taron cocin Haɗaɗɗiyar Metodis a Amurka ya cire haramcin naɗa masu neman jinsi ɗaya a matsayin fastoci. Cikin 'yan watanni reshen Najeriya, wanda ƙarfinsa ke jihar Taraba, ya dare biyu: wasu suka bi sabuwar ɗarikar da ta ɓalle, wasu suka tsaya suna cewa za su ci gaba da bin koyarwarsu ta gida. Rikicin ya sauka a kan gine-ginen coci da makarantu, aka shiga kotu, har aka rasa rayuka a ƙaramar hukumar Karim Lamido. Ga mabiya Angilika na Kebbi, nisantar Kantabari ba za ta sauya addu'ar safiyar Lahadi ba, tunda shugabanninsu da jama'arsu bakinsu ɗaya a kan batun. Inda za a ji ta shi ne a hulɗa da coci-cocin waje: tallafin asibitoci da makarantu, da guraben ƙaro karatu na malaman tauhidi.